Kunama da 'Yar'uwarta ta Cikin Teku

1. Mu ƙirga ƙafafu

Duk wanda ya zauna ƙasar Birnin Gwari ya san kunama. Manomi ya san ta a ƙarƙashin damin dawa. Mace mai itace ta san ta cikin ɓawon busasshiyar doka. Yaro kuwa ya san ta ran da ya sa takalmi da asuba bai kakkaɓe ba.

Ran nan ana cikin karatu a wani aji, sai ga kunama ta fito daga gindin bango. Nan da nan aka kashe ta. Malamin ajin ya ɗauke ta a kan ganye, ya ce, "Kafin a yar da ita, wa zai gaya mini ƙafafunta nawa?"

Wani ya ce shida, wani ya ce goma. Wani dattijo ya yi dariya, ya ce, "Malam, tun ina yaro na ke kashe kunama, amma ban taɓa tsayawa na ƙirga ba."

Malam ya ce, "To, baba, gani ya kori ji. Matso ka ƙirga mana."

Dattijo ya sa tsinke ya ƙirga. Huɗu a dama, huɗu a hagu, takwas ke nan, ban da manyan hannuwan nan biyu masu kama da awartaki.

Wannan darasi a kan wannan ƙirga ya ke. Za mu ga su wane ne dangin kunama a gidajenmu da garkunanmu. Za mu kuma ji labarin wata 'yar'uwarta da ke zaune cikin teku, nesa ƙwarai da mu, wadda jininta ke taimakon 'ya'yanmu ba tare da mun sani ba.

2. Masu sulke

Mutum da akuya da kaza da kifi, ƙashinsu a ciki ya ke, nama a waje. Amma ku dubi fara. Ba ta da ƙashi a ciki ko ɗaya. Abin da ke riƙe da jikinta ɓawo ne mai tauri a waje, kamar sulken mayaƙan dā. Ƙafafunta kuwa gaɓa-gaɓa ne, kamar karan dawa. Haka kunama ta ke, haka ƙaguwa, haka ƙadandoniya. Masana sun haɗa su duka wuri ɗaya, suna ce musu masu ƙafa gaɓa-gaɓa. Cikin dukan dabbobin da aka sani a duniya, su ne suka fi yawan iri nesa ba kusa ba.

Sulke yana da amfani, amma ba ya girma. Saboda haka in mai shi ya ƙara jiki, sai sulken ya tsage, ya fito daga ciki da sabon ɓawo mai taushi, ya ɓuya har ya yi tauri. Wannan shi ne saɓa. Kun sha ganin saɓar fara a manne jikin ciyawa, ko ta gizo-gizo a rataye cikin yanarsa.

Wannan babban dangi ya kasu gida huɗu, kowane gida kuwa muna da shi a ƙasarmu.

Gida na fari, masu ƙafa shida: fara, sauro, ƙuda, tsando, gara, ƙudan zuma, buzuzu. Jikinsu kashi uku ne, kai da ƙirji da ciki. Suna da 'yan siraran ƙahoni biyu a goshi, waɗanda su ke shinshina da laluba da su. Yawancinsu suna da fiffike.

Gida na biyu, masu ƙafa takwas: kunama, gizo-gizo, kaska. Ba su da ƙaho, ba su da fiffike.

Gida na uku, mazauna ruwa, kamar ƙaguwar da yara ke kamawa a bakin Kogin Mariga, da jatan lande da a ke kawowa busasshe daga Kudu. Ƙaguwa ƙafa goma gare ta, in an haɗa da na cizon nan biyu. Tana da 'yan ƙahoni huɗu.

Gida na huɗu, masu ƙafa barkatai, watau shanshani da ƙadandoniya.

3. Jikin kunama

In kun sami matacciyar kunama, wadda kuka tabbata ta mutu, ku juya ta da tsinke ku duba a hankali. Kada a taɓa ta da hannu.

Gaban jikinta kai ne da ƙirji a haɗe, an rufe su da ɓawo guda. A tsakiyar ɓawon akwai idanu biyu, da waɗansu 'yan ƙanana a gefe da gefe. Duk da haka ganinta ba shi da ƙarfi. Ta fi dogara ga jin motsin ƙasa.

A bakinta akwai waɗansu 'yan ƙananan awartakai biyu, sai an dube su da kyau a ke ganinsu. Da su ta ke yayyaga abinci. Bayansu sai manyan hannuwa biyu na kamu. Bayan waɗannan sai ƙafafu takwas. Mu tara: biyu da biyu huɗu, huɗu da takwas goma sha biyu. Ku riƙe wannan goma sha biyu, za mu komo kansa.

A ƙarƙashin cikinta akwai waɗansu abubuwa biyu kamar mataji, da su ta ke sharar ƙasa ta san inda ta ke takawa. Bayansu akwai 'yan tsagogi takwas, huɗu a kowane gefe. Waɗannan su ne ƙofofin numfashinta. Kowace ƙofa tana kai wa ga wani ɗan huhu, wanda ke da siraran shafuffuka a jere, kamar littafin da ke hannunku. Iska tana shiga tsakanin shafuffukan, jini kuwa yana gudana a cikinsu. Don haka masana ke ce masa huhu mai kama da littafi. Gizo-gizo ma yana da irinsa.

Daga nan sai wutsiya mai gaɓa biyar, da ƙari a ƙarshe, inda dafi ya ke.

Kunama ba ta yin ƙwai a ƙasa, haihuwa ta ke yi. 'Ya'yan su kan hau bayanta, farare fat, ta yi ta goyonsu har su yi saɓar fari, sa'an nan su watse. Waɗansu na cewa 'ya'yan cinye uwar su ke yi. Ba haka ba ne, goyo ne kawai.

4. Ƙaguwa mai kofato

Yanzu sai mu bar ƙasar Birnin Gwari mu tafi bakin teku. Ba tekun Ikko ba, gama wannan halitta da za mu yi zance ba ta zama a gaɓar Afirka ko kaɗan. Iri huɗu ne suka rage a duniya. Ɗaya yana gabashin Amurka, a gaɓar Tekun Atlantika, har zuwa ƙasar Meziko. Uku suna Asiya, daga Indiya har Japan.

Turawa sun ba ta suna saboda siffarta, gama bayanta ya yi kama da kofaton doki. Mu ma sai mu ce mata ƙaguwa mai kofato. Irin na Amurka masana na ce masa Limulus.

Ku ɗauki ƙwarya ku kifa ta a ƙasa, ku soka mata tsinke dogo daga baya. To, kusan haka siffarta ta ke. Jikinta kashi uku ne: babban ɓawo na gaba mai kama da kofato, da ƙaramin ɓawo na tsakiya mai ƙayoyi a gefe, da doguwar wutsiya mai tsini. Macen ta fi namijin girma. Babbarsu ta kan kai santimita 60 har da wutsiya, watau ta ɗara kamu guda.

Wanda ya ga wutsiyar sai ya ja da baya, yana tsammanin ƙari ne. Alhali kuwa babu dafi a cikinta ko kaɗan. Amfaninta shi ne, in igiyar ruwa ta birkice ta rigingine, sai ta dogara wutsiyar a ƙasa ta juyo.

Idanunta goma. Manya biyu suna gefen ɓawo, kowane ɗaya kuwa tarin 'yan ƙananan idanu ne wajen dubu, kamar na ƙuda. Sauran suna warwatse a goshi, da kusa da baki, har da jikin wutsiya akwai masu jin haske. Wani masani na Amurka, Keffer Hartline, ya daɗe yana nazarin waɗannan manyan idanu, daga nan aka gane abubuwa da yawa game da yadda ido ke aika saƙo ga ƙwaƙwalwa. Aka ba shi babbar lambar yabo ta Nobel a 1967.

Bakinta yana ƙarƙashi, a tsakiyar ƙafafu. Ba ta da muƙamuƙi. A gindin ƙafafunta akwai ƙayoyi, da su ta ke niƙa tsutsotsi da ƙananan dabbobi masu ɓawo na cikin laka, ta tura su baki. Bayan ƙafafun akwai abin numfashinta, jeri biyar a kowane gefe, kowane ɗaya da siraran shafuffuka fiye da ɗari. Da su ta ke tsotsar iskar da ke cikin ruwa, kamar yadda kifi ke yi.

Ba ta saurin girma. Sai ta yi kamar shekara goma, ta yi saɓa wajen sau 16 ko 17, kāna ta isa haihuwa. Ta kan yi shekara ashirin a duniya. A watan Mayu da Yuni, lokacin da mu ke fama da shuka da noman fari, su kuwa sai su fito bakin teku dubu-dubai, musamman a wani wuri da a ke kira Delaware. Sun fi fitowa daren da wata ya cika, da kuma lokacin duhun ƙarshen wata, domin a lokutan nan ne teku ya fi tumbatsa. Macen ta kan tona rairayi ta zuba ƙwai wajen dubu huɗu a rami guda, ta matsa gaba ta sake tona wani. Tsuntsaye masu doguwar tafiya, waɗanda ke tasowa daga ƙarshen kudancin Amurka za su arewa mai ƙanƙara, a nan su ke yada zango su ci ƙwan su yi ƙiba, sa'an nan su ci gaba.

5. Kama da wane ba ta wane

Shekaru da yawa mutane sun ɗauka wannan halitta ƙaguwa ce. Ba su da laifi. Cikin ruwa ta ke, tana da ɓawo, ƙafafun tafiyarta kuma goma ne kamar na ƙaguwa. Amma a 1881 wani masani na Ingila, Ray Lankester, ya ajiye ta kusa da kunama, ya gwada su gaɓa da gaɓa, ya nuna cewa da kunama da gizo-gizo ta ke dangi. Ga irin shaidar da a ke kawowa.

Na ɗaya, ƙaguwar gaske tana da ƙahoni huɗu da muƙamuƙi. Mai kofato ba ta da ƙaho, ba ta da muƙamuƙi. Kunama ma haka.

Na biyu, a gaban bakin mai kofato akwai 'yan ƙananan awartakai biyu, daidai inda na kunama su ke. A jikin gizo-gizo su ne suka zama fiƙoƙin da ya ke sa dafi da su. A jikin kaska kuwa su ne abin da ta ke yanka fata da shi.

Na uku, ku tuna da goma sha biyun nan. Mai kofato tana da awartakai biyu da ƙafafu goma, goma sha biyu ke nan. Ƙafafunta biyu na gaba su ne a madadin manyan hannuwan kunama. Gizo-gizo ma in an ƙirga fiƙoƙi biyu, da 'yan hannuwa biyu, da ƙafafu takwas, goma sha biyu za a samu.

Na huɗu, abin numfashinta mai shafuffuka ne kamar na kunama. Bambancin kawai, nata a waje ya ke domin ruwa, na kunama a ciki domin tudu.

A zamanin nan masana sun sami hanyar gwada ƙwayoyin gado, watau abin da ke cikin jiki wanda 'ya'ya ke gāda daga iyaye. Wannan gwaji ma ya nuna mai kofato ta fi kusa da kunama da gizo-gizo bisa ga ƙaguwa. Ashe dai suna da kamanni su kan ruɗi mutum. Sai an juya abu an duba cikinsa.

6. Abin da duwatsu suka adana

Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya ya san ƙasa hawa-hawa ta ke: baƙar ƙasa a sama, jar ƙasa, marmara, sa'an nan dutse. Inda ruwa ke zuba laka shekara da shekaru, ta ƙasa ita ce ta riga zuwa, ta sama ita ce sabuwa. In wata dabba ta mutu laka ta rufe ta da sauri, bayan zamani mai tsawo lakar ta kan zama dutse, siffar dabbar ta zauna a ciki kamar hatimi. Wannan shi a ke kira burbushi. Masana suna auna shekarun dutse da waɗansu sinadarai na cikinsa, waɗanda ke sākewa a hankali bisa ƙa'ida sananniya.

A 2008 aka ba da labarin burbushin wata 'yar ƙaramar mai kofato da aka samu a Manitoba, ƙasar Kanada. An auna shekarun dutsen, aka sami wajen miliyan 445. A ƙasar Maroko, nan Afirka, an sami na danginta da suka fi wannan daɗewa. A Jamus kuma an tono wani faifan dutse mai shekara wajen miliyan 150, da sawun wata mai kofato a kansa, tsawon kusan mita goma, ga gawarta nan a ƙarshen sawun, inda ƙarfinta ya ƙare. Wanda ya ga wannan gawa zai shaida ta nan take, don ta yi kama ƙwarai da na yau.

Miliyan ɗaya shi ne dubu sau dubu. In mutum ya zauna yana ƙirga ɗaya kowane sakan, dare da rana ba hutu, sai ya yi kwana goma sha ɗaya da rabi kafin ya kai miliyan. Kafin ya kai miliyan 445 kuwa, sai ya shekara goma sha huɗu.

A wancan zamani tekuna cike su ke da masu ƙafa gaɓa-gaɓa iri iri waɗanda babu su yanzu. Akwai masu tsagi uku a baya, da a ke kira tirilobayit, waɗanda har yau a ke tono burbushinsu a Maroko ana sayarwa a kasuwa. Akwai kunamun ruwa, waɗansu sun kai mita biyu da rabi, sun fi ƙaton mutum tsawo. Burbushin kunama irin tamu, mafi daɗewa, ya kai shekara wajen miliyan 430. Yawancin masana suna ganin kakannin kunama da gizo-gizo daga ruwa suka fito, abin numfashin nan mai shafuffuka ya koma cikin jiki domin kada ya bushe a tudu.

Yaya iri ke sākewa haka? Manomi ya riga ya san farkon amsar. 'Ya'yan zangarniya guda ba su zama daidai da juna sak. Manomi ya kan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don iri. In an yi ta yin haka kaka da kakanni, sai iri ya bambanta, kamar yadda ƙaura ta bambanta da farafara. A daji da teku babu manomi mai zaɓe, amma akwai yunwa, da fari, da sanyi, da maƙiya. Wanda jikinsa ya dace da wurin zamansa shi ke rayuwa ya bar baya, 'ya'yansa su gāji halinsa. In zamani ya yi tsawo ƙwarai, ƙananan bambance-bambance sai su taru su zama babba. Ita mai kofato, ta zauna cikin lakar bakin teku, tana cin abin da ta samu, siffarta ta ishe ta, saboda haka ba ta sāke da yawa ba. Duk da haka irin na yau ba su ne ainihin na dā ba, jikokinsu ne masu kama da su.

Wajen shekara miliyan 252 da suka wuce an yi wata babbar halaka a duniya, wadda ta share yawancin halittun teku. Tirilobayit da kunamun ruwa suka ƙare ƙaƙaf. Mai kofato ta tsira. Daga baya aka yi zamanin manyan dabbobin nan da a ke kira dainaso, waɗanda a ke tono ƙasusuwansu a hamadar ƙasar Agadas, a Jamhuriyar Nijar. Su ma suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Mai kofato tana nan.

Wani zai tambaya, me ya sa masu haƙar zinariya a ƙasarmu ba su cin karo da irin wannan burbushi? Dalili shi ne, duwatsun Birnin Gwari sun girmi waɗannan halittu duka, zafi da nauyin ƙasa kuma sun dafa su sun murɗe su tun tuni. Sai a dutsen da ya samu daga laka, wanda bai dahu ba, a ke samun burbushi.

7. Shuɗin jini da allura

Jininmu ja ne domin akwai sinadarin baƙin ƙarfe a cikinsa. Jinin mai kofato kuwa, in ya sha iska, shuɗi ne, domin jan ƙarfe ne a cikinsa. Na kunama ma haka ya ke, har da na ƙaguwar rafi. Amma jinin mai kofato yana da wani hali na musamman.

A 1956 wani likita a Amurka, Frederik Bang, ya ba da labarin cewa in waɗansu ƙwayoyin cuta suka shiga jikinta, jinin sai ya daskare nan da nan ya tsare su. Daga baya shi da wani likita, Jack Levin, suka gane cewa ko ƙwayoyin sun mutu, ɗan dafin da suka bari, kome ƙanƙantarsa, ya isa ya daskarar da jinin.

Wannan dafi kuwa mugun abu ne gare mu. In ya shiga ruwan allura aka yi wa mutum, sai zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, har ya kan kashe. Tafasa ruwa ba ya kawar da shi. Dā sai a yi wa zomaye allurar a zauna a ga ko jikinsu zai yi zafi. Amma a 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa gwaji da abin da a ke cirowa daga jinin mai kofato. Ana ɗiga maganin a kansa. In ya daskare, maganin ba shi da tsabta, ba za a sayar ba. Wannan hanya ta bazu cikin duniya. Yawancin allurar rigakafi, da ruwan da a ke ƙara wa marar lafiya a asibiti, sai an yi musu irin wannan gwaji kafin su bar inda a ke yinsu. Saboda haka uwar da ta goya ɗanta daga ƙauye ta kai shi rigakafi a Birnin Gwari, tana cin amfanin wata halitta da ba ta taɓa gani ba.

Amma abin yana da tsada ga mai jinin. Ana kamo su, a ɗebi kusan sulusin jininsu, a mai da su teku, waɗansu kuwa ba su rayuwa. Masunta suna yanka su don ƙoto. A dā har taki a ke yi da su. A Asiya ana cinsu, ana kuma gine-gine a rairayin da su ke yin ƙwai. A 2019 aka sa irin na ƙasar Sin da Japan cikin jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa. Abin da ya tsira daga halakar da ta share teku, yanzu hannun ɗan Adam ne ke neman gamawa da shi. Masana a ƙasar Singafo sun haɗa wani sinadari da ke yin wannan aikin gwaji ba tare da an zub da jini ba, masu yin magani kuwa suna ta komawa gare shi kaɗan kaɗan.

Mu ma muna da namu abin tsarewa. An keɓe Dajin Kamuku tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Ba wanda ya san amfanin jinin mai kofato sai bayan da aka bincika. Haka kuma akwai itatuwa da ƙwari a dajinmu da ba a gama bincikensu ba. In aka ƙone su aka sare su suka ƙare, ba mai iya mai da su.

8. Amfanin wannan sani a gida

Kunama. Babban baƙin nan, duwu, mai ƙattin hannuwa, ya fi ban tsoro a ido, amma harbinsa bai cika yin ɓarna ba. Wadda ta fi haɗari ita ce mai siraran hannuwa da kakkaurar wutsiya. A kakkaɓe takalmi da tabarma da tufafi kafin a yi amfani da su. A nisanta tarin itace da duwatsu daga ɗakin kwana. In ta harbi mutum, a wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. In yaro ne ƙarami, a kai shi asibiti ba jira. Babba ma in ya fara gumi, ko amai, ko dalalar miyau, ko numfashi da ƙyar, a garzaya da shi.

Kaska. Sa'ad da ta ƙyanƙyashe ƙafarta shida, sai ta yi saɓa ta ke cika takwas. Tana shan jinin shanu, tana sa musu cuta, tana buɗe wa kirci hanya. Akwai kuma zazzaɓi mai tsanani da mutum kan ɗauka daga gare ta. Kada a fasa kaska da farce. A kama ta daf da fata a zare a hankali, a jefa wuta, a wanke hannu. Maganin wanka na shanu kuwa, a nemi shawarar malamin dabbobi a kan iri da ma'auni.

Ƙazuwa. Wata 'yar mitsitsiyar 'yar'uwar kaska ce ke kawo ta, tana haƙa rami cikin fata. Tana da magani a asibiti. Sai a yi wa mutanen gida duka a lokaci guda, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana.

Gizo-gizo. Yawancinsu ba su cutar mutum, sauro da ƙuda su ke kamawa. Ba kowane mai ƙafa takwas ne maƙiyi ba.

Sababbin kalmomi

Saɓa: tuɓe tsohon ɓawo don jiki ya girma.
Burbushi: siffar halittar dā da ta zauna cikin dutse.
Miliyan: dubu sau dubu, 1,000,000.
Ƙwayoyin gado: abin da 'ya'ya ke gāda a jiki daga iyaye.

Tambayoyi

1. Ƙafafun fara nawa? Na kaska fa? Na ƙaguwa fa?
2. Me ya sa masu sulke ke yin saɓa?
3. Kawo shaida biyu da ke nuna mai kofato dangin kunama ce.
4. Mene ne amfanin wutsiyar mai kofato?
5. Yaya a ke gwada tsabtar allura da jininta?
6. Abu uku da ba a yi wa wanda kunama ta harba, waɗanne ne?

Aikin yi

Kowa ya ja layi uku a littafinsa, shafi ya kasu huɗu. A rubuta a sama: shida, takwas, goma, barkatai. Cikin makon nan duk ƙwaron da kuka gani a gida ko a gona, ku ƙirga ƙafafunsa da ido, ku rubuta sunansa a gidan da ya dace. Ku zo da littattafan ran karatu mai zuwa, a karanta a gaban aji.